Me Kake Sha'awar Yi? Tambayar Da Ya Kamata Mu Fara Iyawa Da Faransanci

'Yan'uwana ɗalibai, a cikin darussan da ake koya mana a makaranta ban ga wanda muke yi wa riƙon sakainar kashi kamar Faransanci ba. Da yawa daga cikinmu mun yi shekara biyu ko uku muna shiga ajinsa. Mun haddace sunayen kwanakin mako da na watanni, muna iya rera "je suis, tu es, il est" kamar aku, amma da za a haɗa mu da wani yaro tsaranmu daga makarantar Ƙonni ko Madawa, a ce mu yi hira da shi da wannan harshe, iyakacin abin da za mu iya shi ne "bonjour" da "ça va", daga nan sai mu yi tsuru-tsuru. A nawa ra'ayi, matsalar tana ga inda aka fara. An fara mu da harshen takarda da na ofis, alhali kuwa abin da yaro yake bukata da farko shi ne harshen da zai yi aboki da shi. A cikin wannan harshe na abota kuwa, tambayar da ta fi kowace amfani ita ce: me kake sha'awar yi idan ka sami sarari?

Kafin in kawo dalilaina, bari mu dubi inda muke zaune, mu mutanen Wurno da Rabah da Goronyo. Wanda ya tashi daga Goronyo ya nufi Gada ko Sabon Birni, ya kusa taka iyakar Nijar. Wanda ya bi ta Illela, da ya tsallaka sai Birnin Ƙonni. Ko ruwan da ke taruwa a madatsar Goronyo, wadda aka gama ginawa a 1984, wani sashensa daga gulbin Maraɗi yake gangarowa ya faɗa gulbin Rima, sa'an nan ya biyo ta fadamun Wurno inda ake noman shinkafa da albasa da tafarnuwa. Iyakar nan da ta raba mu, ba kakanninmu suka shata ta ba. Turawan Ingila da na Faransa ne suka yi ta ja-in-ja a kanta. A yarjejeniyarsu ta 1898 sun auna mil 100 daga birnin Sakkwato suka zagaya layi kamar bakan gizo, daga baya suka sake gyara shi a 1904 da 1906. Abin da wannan ya haifar shi ne, sai ka ga 'ya'yan wa da ƙane, ɗaya ya tashi yana zuwa makaranta wurin malam, ɗayan yana zuwa "lakwal" wurin "mushe". Saboda haka Faransanci a wurinmu harshen maƙwabta ne, har ma na dangi.

To, yaya ake yin wannan tambaya? Da farko sai mu san cewa Faransanci yana da hanya biyu ta ce wa mutum "kai" ko "ke". Akwai "vous", wadda ake faɗa wa babba ko baƙo ko mai muƙami, da kuma mutane idan suna da yawa. Akwai kuma "tu", ta aboki da tsara da ƙane. Wannan bai kamata ya zama baƙon abu ga Bahaushe ba, domin mu ma haka muke yi. Yarinya mai tarbiyya idan ta durƙusa gaban kakarta, cewa take yi, "Inna, kun tashi lafiya?" ko da yake tsohuwar ita kaɗai ce a ɗakin. Mutum ba ya ce wa hakimi "kai" gatsau, sai ya sakaya da "ranka ya daɗe". Amma da abokin wasanka zai zo da safe ya rusuna ya ce maka, "Ranka ya daɗe, kun tashi lafiya?" ai ka san ko dai ba'a yake yi maka, ko kuwa akwai wani laifi da ka yi masa. To, haka "vous" take a kunnen yaron lakwal idan tsaransa ya faɗa masa ita. Zai amsa da ladabi, amma zai ja jiki.

Tambayar nan tana da hawa uku. Ta littafi ita ce "Quels sont vos loisirs ?" Wannan irin wadda ake yi wa mai neman aiki ce a ofis, ko a rubuta a takardar cikewa. Ta tsakiya ita ce "Qu'est-ce que tu aimes faire ?", ana faɗinta kamar "kes-ke tu em fer", watau me kake son yi. Ta dandali kuwa gajera ce: "Tu aimes quoi ?", ana cewa "tu em kwa", me kake so, ko "Tu fais quoi après les cours?", me kake yi bayan an tashi daga makaranta, ko kuma "C'est quoi, ton passe-temps?" Kalmar nan "passe-temps" ma'anarta abin da mutum yake cinye lokaci da shi don jin daɗi, mu sai mu ce abin ɗebe kewa.

Ku lura da wani abu. A tambayar dandali ba a juya jimla, ba a sauya wa kalmomi wuri. Yadda za ka faɗi magana haka za ka faɗe ta, sai dai ka ɗaga murya a ƙarshe. "Tu joues au foot" yana nufin kana wasan ƙwallo, idan ka ɗaga murya ya koma "Tu joues au foot?", watau kana wasan ƙwallo? Ashe ba daidai da Hausa ke nan ba? Mu ma da murya muke rarrabe "kana zuwa" ta labari da "kana zuwa?" ta tambaya. Ke nan hanyar da ta fi sauƙi a bakin Bahaushe ita ce aka bar mana a baya, aka fara ɗora mana mai wuya. Abu ɗaya ne kawai zai ɗan ba mu wahala, shi ne wasalin da ke cikin "tu", wanda babu irinsa a Hausa. Dabararsa ita ce ka tsuke leɓɓa kamar za ka ce "u", amma ka ce "i". Kwana biyu kana gwadawa zai zauna.

Ga misalin yadda hirar take tafiya, a ce yaran biyu sun haɗu a kasuwar Achida, ɗaya ɗan Goronyo, ɗaya ya rako kawunsa daga Madawa.

"Salut ! Tu fais quoi pendant les vacances ?" Sannu, me kake yi lokacin hutu?

"Je vais à la pêche avec mon grand frère. Et toi ?" Ina zuwa su da yayana. Kai fa?

"Moi, j'aime la lutte." Ni kokawa nake so.

"Moi aussi ! Ça te dit de venir voir le barrage ?" Ni ma haka. Ko za ka zo ka ga madatsar ruwa?

Jimla huɗu ke nan, babu wadda ta fi ƙarfin ɗan aji ɗaya, amma har an kai ga gayyata. Wadda ta fi daraja a cikinsu ita ce 'yar ƙaramar nan, "Et toi ?", kai fa? Ita ce take mayar wa abokin hira da magana, ta nuna masa kai ma kana son jin nasa.

Dalilina na farko na fifita wannan tambaya shi ne, sauran tambayoyin da aka koya mana ba su da tsawon rai. Ka tambayi mutum sunansa, ya faɗa da kalma ɗaya. Ka tambayi garinsu, ya faɗa da kalma ɗaya. Idan ka zarce zuwa sana'ar ubansa ko yawan 'yan gidansu, ka shiga bin diddigi, abin da Bahaushe ba ya so daga baƙo. Idan ka taɓo siyasa, musamman tun bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 da rufe iyakar da ya biyo baya har zuwa 2024, kana iya taka sawun ɓarawo ba ka sani ba. Amma tambayar abin sha'awa ba ta ɓata wa kowa rai, kuma amsarta tana haifar da wata maganar. Ka ce wa ɗan Nijar "Tu aimes la lutte ?" ka ga yadda fuskarsa za ta washe. Kokawa ita ce babban wasan ƙasarsu. Tun 1975, da aka fara gasar ƙasa a Tawa, jihohinsu suke karawa, wanda ya kayar da kowa a ba shi takobi. Zai ba ka labarin Kantu na Maraɗi da tsofaffi suke yabo, da Issaka Issaka na Doso wanda ya ɗauki takobin sau da dama. Kai kuma ka ba shi labarin dambe, da bikin kamun kifi na Argungu wanda aka fara a 1934. Kafin ku ankara rana ta yi sanyi.

Dalili na biyu, wannan tambaya tana koyar da nahawu ba tare da bulala ba. Wanda yake son ya ba da amsa tilas ya san cewa bayan "j'aime" ana kawo aiki yadda yake a ƙamus: "j'aime lire", ina son karatu, "j'aime nager", ina son iyo. Tilas ya san cewa wasa da kiɗa duk da "jouer" ake faɗinsu, amma kowane da ƙaramar kalmar da take biye da shi: "jouer au foot" ga ƙwallo, "jouer du tam-tam" ga ganga. Zai kuma san "faire du vélo", hawan keke. Waɗannan ƙa'idoji idan aka rubuta su a allo aka ce a haddace, kafin mako ya zagayo sun gudu. Amma yaron da ya yi amfani da su ya faɗi abin da ransa yake so, da wuya ya manta, domin maganar tasa ce.

Dalili na uku shi ne wanda ya fi damuna. Littattafan Faransanci da yawa da suke zuwa hannunmu, amsoshin da suke kawowa na yaran Turai ne: zuwa silima, kaɗa fiyano, wasan zamiya a kan ƙanƙara. Na sha ganin yaro a aji an tambaye shi abin sha'awarsa ya ce "le piano", alhali bai taɓa ganin fiyano da idonsa ba, kuma duk ajin an san babu wanda ya kai shi iya langa. Wani kuma sai ya ce shi ba shi da abin sha'awa, don nasa ba ya cikin littafi. Wannan hasara ce babba, domin yaron ya koyi cewa abin gidansu bai isa a faɗe shi da harshen boko ba. Alhali kuwa duk abin da muke yi yana da suna, ko kuma ana iya bayyana shi. Su shi ne "la pêche", iyo "la natation", kiwon tantabaru "l'élevage des pigeons". 'Yan'uwanmu mata masu ɗinkin hula su ce "la broderie", masu saƙa "le tricot", masu kitso "les tresses", masu lalle "le henné", masu son tatsuniya "les contes". Abin da ba shi da suna a Faransanci, kamar langa da dara da gaɗa, sai mu kira shi da sunansa na Hausa, mu yi bayani. Haka 'yan Nijar suka yi da kalmar "fada", watau majalisar samari masu shan shayi, har ta zauna daram a cikin Faransancin ƙasarsu.

Kada kuma wani ya ɗauka cewa maganar abin sha'awa maganar marasa aikin yi ce. Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, a Rabah aka haife shi, ya kuma yi hakimcinta daga 1934. Tun yana Kwalejin Katsina ya shahara da wasan fayif, watau buga 'yar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, bai kuwa bar wasan ba har lokacin da yake Firimiyan Jihar Arewa. Da wani ya tambaye shi abin ɗebe kewarsa, da yana da amsa a shirye. Idan mai ɗauke da nauyin Arewa duka ya sami lokacin wasa, bai ji kunyar a san shi da shi ba, ina dalilin da zai sa ni da kai mu ɓoye namu?

Na san akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma maganarsu abin dubawa ce. Na farko za su ce, ai mutanen Ƙonni da Madawa da Maraɗi Hausawa ne, me zai sa mu wahalar da kanmu da Faransanci? Za su ƙara da cewa a 2025 ita kanta gwamnatin Nijar ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Wannan gaskiya ne, ni ma na yi murna da shi. Amma dokar da ta yi haka ta bar Faransanci da Turanci a matsayin harsunan aiki. Kuma ba duk ɗan Nijar ne Bahaushe ba, akwai Zabarmawa da Buzaye da Barebari da sauransu. Bayan haka, Nijeriya tana iyaka ta ƙasa da ƙasashe huɗu, Benin da Nijar da Chadi da Kamaru, kowace kuwa ana aiki da Faransanci a cikinta. Ɗan Goronyo da ya kai albasa Kwatano, ko ya tafi karatu Yamai, ba kullum zai tarar da mai jin Hausa ba. Har ila yau kada mu manta, tun daga 2019 rashin tsaro ya kori dubban mutane daga gabashin Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa jihar Maraɗi. Wasu 'ya'yansu a can suka shiga lakwal. Ranar da suka dawo, su ne za su zauna kusa da mu a aji, kuma kyautatawa ce mu iya tarbarsu da harshen da suka yi karatu da shi, ko da jimla biyu ce.

Na biyu za su ce, idan aka saba wa yara da Faransancin dandali, za su kwashe shi su zuba a takardar jarrabawa su faɗi. Gaskiya ne a hira ana gutsure kalmomi, a ce "t'aimes" maimakon "tu aimes", a ce "j'aime pas" maimakon "je n'aime pas", kuma mai duba takarda ba zai yarda da wannan ba. Amma mu Sakkwatawa mun riga mun saba da irin wannan rabo. A gida muna cewa "mi kaka so?" da "shina zuwa" da "lahiya lau", idan muka ɗauki alƙalami a ajin Hausa mu rubuta "me kake so?" da "yana zuwa" da "lafiya lau". Wanda ya iya riƙe Hausa iri biyu a kansa bai rikice ba, ba zai kasa riƙe Faransanci iri biyu ba, muddin malam ya nuna masa wurin kowane. Balle ma ita jarrabawar tana da ɓangaren baka, tana kuma iya kawo rubuta wasiƙa zuwa ga aboki, inda "tu" ce ake bukata.

Na uku za su ce "tu" tana koya wa yaro raini. Ba ta koya masa, sai idan an ba shi ita babu ƙa'ida. Ƙa'idar kuwa gajera ce: tsaranka da na ƙasa da kai, "tu", malami da dattijo da jandarma da duk wanda ba ka san matsayinsa ba, "vous". Idan kana shakka, ka riƙe "vous" har sai shi babban ya ce maka "Tu peux me tutoyer", watau ya yarda ka ce masa "tu". Ko da ka ji ana watsa "tu" ga kowa a tasha ko a kasuwa, kada ka ɗauka. Wanda ya san lokacin da ake durƙusawa da lokacin da ake tafawa, ya riga ya san wannan darasi tun daga gida.

Saboda haka ina da roƙo ga malamanmu, da kuma shawara ga 'yan'uwana. A 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta ce Faransanci zai zama harshen hukuma na biyu a Nijeriya, aka kuma sa shi a manufar ilmi ta ƙasa a 1998. Tun 1991 aka kafa ƙauyen koyon Faransanci a Badagry, inda ɗaliban jami'a suke zuwa su zauna don bakinsu ya faɗa. Daga nan zuwa Badagry ya fi kilomita 1,000. Daga Sakkwato zuwa Illela kuwa bai kai kilomita 100 ba. Watau abin da wasu suke yin doguwar tafiya su nema, mu yana bakin ƙofarmu. Roƙona ga malamai shi ne, a ware mana ko da minti goma a kowane mako, a zaunar da mu biyu-biyu, kowa ya tambayi ɗan'uwansa abin da yake so, ya kuma tashi ya gaya wa aji abin da ya ji. A sa mu tattara sunayen wasanninmu da sana'o'in hannunmu mu nemo Faransancinsu, mu manna a bangon aji. Idan hali ya yi, a haɗa mu da wata makaranta a Ƙonni ko Madawa mu riƙa musayar wasiƙu, mu mu gyara musu Turanci, su su gyara mana Faransanci.

Ku kuma 'yan'uwana, kada mu jira sai an sa mu. Kowa ya zauna ya rubuta abu uku da yake so da gaske, ya nemi yadda ake faɗinsu, ya haddace. Idan lokacin gasar kokawa ya zo, mu kama gidan rediyon Nijar mu saurari yadda suke ba da labari da Hausa da Faransanci. Idan baƙo tsaranmu ya sauka a unguwarmu, ko muka haɗu da shi ranar kasuwa, bayan gaisuwa mu daure mu jefa masa "Tu aimes quoi ?" Zai yiwu ya yi dariyar yadda muka faɗa, mu ma ai za mu yi dariyar Turancinsa, daga nan kuwa aka saba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya kafa Wurno kuma a nan kabarinsa yake tun 1837, da Baturen nan Clapperton ya zo Sakkwato a 1824, zaunar da shi ya yi ya yi ta yi masa tambayoyi game da ƙasarsu da ilminsu. Bai ga tambayar baƙo ta rage masa girma ba. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, sun kuma ce zumunta a ƙafa take. Ni kuwa na ce, a wannan yanki namu na bakin iyaka, wani sashenta a harshe yake. Allah ya ba mu ikon gwadawa.